Kafin a Sa wa Malam Alama

Kakarta ce ta laƙaba mata Mazari tun tana rarrafe, sunan kuwa ya bi ta har jami'a, inda ɗalibai ke cewa Dakta Mazari a bayan idonta, wani lokacin ma a gabanta idan baki ya suɓuce. Ba ta taɓa jin haushi ba, don ba ta da lokacin jin haushi. 'Yar siririya ce mai takalmi marar tsini, a tsaye take shan shayi, a tafe take amsa waya, kafin ka gama amsa gaisuwarta ta sha kwana. Kujerar ofishinta ta fi ta kowa sabunta, saboda jaka da takardu ne kaɗai ke zama a kanta.

Mahaifinta haƙa rijiya ce sana'arsa. Tun tana ƙarama take leƙa ramin da yake ciki tana jefa masa tambayoyi, shi kuma yana yi mata tsawa daga ƙasa ta matsa kada ta faɗo masa a ka. Da ta girma sai ta karanci ilimin ruwa, ta kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje. A nan ta haɗu da mijinta, ranar da firijin da suke ajiye kwalaben ruwa ya lalace aka kira shi gyara. Ya ce tana tsaye a kansa tana tambayar ko ya gama tun bai kwance ƙusa ta farko ba. Har yau idan abokai suka tambaye shi lafiyar iyali, cewa yake yi, "Lafiya lau nake zato. Ɗazu dai na ji wucewarta."

Allah da ikonSa, sai ya haɗa wannan baiwar Allah da malamin da ya fi kowa nawa a sashen. Tsoho ne mai tabarau a ƙarshen hanci da jan biro a aljihun gaba. Ɗalibai suna kiransa Saura-Kaɗan, domin duk abin da ka kai masa, ko ka kwana bakwai kana gyarawa, zai karanta a hankali, ya ɗago ya ce, "Ya yi kyau. Saura kaɗan." Shi ya koyar da ita, shi ya duba digirinta, kuma da ta zama abokiyar aikinsa ba ta daina ce masa Malam ba. Tana ƙaunarsa kamar uba, yana kuma ba ta haushi kamar uba.

Aikin da ya haɗa sunayensu a takarda ɗaya na wata unguwa ne da ke bayan filin da ake fasa tsofaffin batiran mota. Mutanen unguwar ruwan rijiya suke sha, ruwa garau, mai sanyi, babu wari babu launi. Shekara da shekaru Mazari tana zuwa, rani da damina, da kula cike da ƙanƙara da kwalaben da ta wanke da hannunta. Ta zura guga, ta zubar da na farko, ta cika kwalba, ta manna lamba, ta ruga gida na gaba. Matan unguwar har sun saba, da sun hango ta sai su ce, "Ku buɗe mata hanya, ga mai kwalabe nan." Abin da na'ura ta riƙa nunawa bai canja ba: akwai dalma a ruwan, ta wuce abin da jiki zai ɗauka, balle jikin yaro.

Sun gaya wa mutanen, gida gida. Wasu sun ji, wasu suka ce ruwan da kakanninsu suka sha ne. Suka je ofishin da ke da ikon rufe rijiya ya kawo famfo. Jami'in ya saurare su da ladabi, sannan ya ce, "Malam, ba za mu rufe wa jama'a rijiya da maganar baki ba. Ku kawo mana a buge, a mujallar da masana suka tantance."

To, a nan aka shiga dogon zango. Mazari ta rubuta maƙalar cikin ɗan lokaci, Malam ya shafe fiye da shekara yana zubar mata da jan biro. Yau taswira ba ta nuna inda ruwan ƙasa ke gangarawa ba, gobe jadawali ya cika cunkoso, jibi an ambaci wani bincike a ciki amma babu shi a jerin manazarta. Tana zagaya teburinsa tana cewa, "Malam, yara fa suna sha." Shi kuma ya ce, "Shi ya sa. Idan aka kama mu da kuskure ɗaya, sai su ci gaba da sha har abada." A gyaran ƙarshe ya ɗauki biro ya ƙara layi ɗaya a ƙasan shafin kammalawa, da hannunsa: har sai an gyara, kada a ba yara ruwan rijiyoyin nan su sha, kada kuma a dafa musu abinci da shi.

"Malam, wannan ai ba harshen mujalla ba ne."

"Sauran shafukan na masu karatu ne," in ji shi. "Wannan layin na masu sha ne. Aika."

Ta aika kafin ya canja shawara. Ba a daɗe ba, wata safiya yana ɗaura agogo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Akwai wata 'yar alama da mujallu ke sa wa a saman sunan marubucin da ya rasu kafin aikinsa ya fito, siririya, kamar ƙaramin takobi a tsaye. Mazari ta fara ganinta tun tana ɗaliba, ta kai wa Malam ta tambaye shi ma'anarta. Ya dubi shafin ta saman tabarau ya ce, "Tana nufin takarda ta yi nawa, mai ita ya yi sauri." A ranar dariya ta yi. Tun da ta gan shi kwance a asibiti, baki a karkace, alamar nan ta tsaya mata a ido ta ƙi gushewa. Ta ɗaukar wa kanta alkawari, ba tare da ta gaya wa kowa ba, cewa maƙalar nan za ta fito Malam yana raye, sunansa tas, ta kai masa ya riƙe da hannunsa mai lafiya.

Wanda bai taɓa jiran mujalla ba bai san jira ba. Akwai shafin da marubuci ke shiga ya ga inda aikinsa ya kwana, kuma wata da watanni kalma ɗaya ce a wurin: ana dubawa. Mazari ta duba a layin mota, ta duba a bakin aji, ta duba tana tsaye a kan tukunya har ta ƙone. Ta goge ɗakin gwaje-gwaje, ta sake jera kwalaben da ke jere, ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Mijinta ya ce, "Uwar gida, wayar nan fa ba kaza ba ce, yawan leƙe ba zai sa ta yi ƙwai ba." Ta harare shi, ta sake dubawa.

Da amsa ta zo, masu dubawa biyu ne, ba a faɗin sunansu, haka ƙa'idar take. Na farko ya yaba a layi uku ya tafi harkarsa, Allah ya yi masa albarka. Na biyu kuwa, ko wane ne shi, da alama ranar ya tashi da ciwon haƙori. Ya ce a sake zana taswira, a canja ma'auni, a bayyana yadda aka wanke kwalabe, a nuna sau nawa aka gwada na'urar kanta. Gaskiya dai, yawancin abin da ya faɗa daidai ne, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yi tana tsaki. Sai ta iso na ƙarshe: a cire jimlar ƙarshe. Ruwa kuka auna, in ji shi, ba jinin yara ba, saboda haka umarnin ya wuce hujjarku.

Edita ya ƙara nasa a ƙasa. Idan an yi duk gyaran, zai karɓa nan take. Idan kuwa marubuta suna da ja a kan wani abu, sai maƙalar ta koma hannun masu dubawa.

Ta san abin da komawa take nufi: wasu watannin, wataƙila har da ƙarin awo na wata damina. Ta kuma san yadda ta bar Malam a ziyarar da ta wuce, ya rame, zoben hannunsa yana yawo a yatsa. Ta zagaya ofis, ta leƙa taga, ta dawo. Ta gaya wa kanta cewa lambobin suna nan, duk mai ido zai gane. Ta sa yatsa ta goge layin, shafin ya yi tsaf kamar ba a taɓa rubuta komai a wurin ba.

Saura abu ɗaya. Mujallar tana so kowane marubuci ya tabbatar ya karanta sigar ƙarshe ya yarda da ita. Malam kuwa tun ciwon haruffa ba sa tsaya masa, idan ya dubi shafi sai kansa ya sara.

"Ba latsawa ɗaya ba ce?" in ji mijinta, yana kwance bayan wata fanka a tsakar gida. "Ki karɓi wayarsa wurin matarsa ki latsa. Ai ya yarda da ke."

"Mutumin da bai taɓa sa hannu a takardar halartar taro ba sai ya karanta? Ni zan latsa masa?"

"To ki karanta masa."

Ta buga shafukan a firinta ta kama hanya.

An mayar da gadon Malam falo, kusa da taga, don ya riƙa ganin masu wucewa. Ɗakin yana ƙamshin man zafi da sabulu. Ga kofi mai tsinken zuƙa a kan kujerar roba, ga rediyo a kashe, ga littattafansa an tattara su a kwali an tura ƙarƙashin tebur. Matarsa, wadda duk ɗalibansa ke kira Umma, ta tare ta a ƙofa.

"Sannu da zuwa, 'yata. Yau da sauƙi, ya sha kunu... ya sha ruwan zafi da safe, ya ɗan yi barci. Maganar ce dai har yanzu. Kalma ɗaya ta rage masa, ita yake ba kowa."

Mazari ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa abin da ya kawo ta. Idonsa ya yi haske. Ta fara karantawa daga take, sunansa a farko, nata a biye, tana karatu tana kai da kawo tsakanin taga da ƙofa. Idon tsohon yana bin ta, dama, hagu, dama, har ya lumshe.

"Haba, Mazari," in ji Umma. "Jiri za ki sa masa. Zauna mana, kujerar ba ta cizo."

Ta zauna a bakin kujera, ƙafa ɗaya tana rawa. Da ta yi sauri sai yatsan hagunsa ya ɗaga, dole ta koma baya. Ta karanta gabatarwa, ta karanta yadda aka ɗebi ruwa, ta bayyana masa sabuwar taswira da baki, nan filin batir, nan gangare, nan rijiyar gidan mai keken ɗinki. Jadawali ma bai yafe mata ba, lamba bayan lamba, rijiya bayan rijiya, rani da damina. Inuwar taga ta tashi daga ƙafarsa ta hau ƙirjinsa. Umma ta kawo shayi ya huce a wurin. Tun da aka haife ta ba ta taɓa zama wuri ɗaya haka ba, bayanta har ya ƙage. Ta iso shafin kammalawa, ta karanta shi da murya ɗaya, ta kife takardun a cinya.

"Shi ke nan, Malam. Ka yarda in aika?"

Bai motsa ba. Idonsa yana kan bakinta, irin kallon wanda aka tsaya masa a tsakiyar labari. Leɓensa ya yi ta kokawa, sannan kalmar ta fito, a karkace amma a fili.

"Saura."

Umma ta yi 'yar dariya mai gajiya. "Kin ji ta ko? Kada ki damu, 'yata. Haka yake ce wa likita, haka yake ce mini idan na ba shi magani. Jiya ma mai kawo ruwa ya gaishe shi, ya ce masa saura. Ba ya nufin komai."

Ga ƙofa an buɗe mata, ba ita ta nema ba. Da ta ce haka ne, Umma, ta miƙe, babu mai zarginta duniya da lahira, in ji zuciyarta. Har ta fara tattara jaka. Amma hannun hagun Malam ya lallaɓo ya kama gefen shafin ƙarshe, yatsansa ya sauka ƙasa, inda farin takarda ya rage, ya ƙwanƙwasa wurin. Ya sake ƙwanƙwasawa.

Kunya ta rufe ta, sai kuma haushi ya taso ya danne kunyar. Ta miƙe tsaye.

"Malam, mai dubawa ne ya ce a cire. Idan na mayar, komawa za ta yi hannunsa. Ka san mutumin nan, sai ya ce a sake awo. Sai bayan damina ke nan, ko ma fiye. Shekara nawa muna abu ɗaya? Ni so nake ta fito ka gani, ka riƙe ta. Ba na so a..."

Malam ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ja shafin farko zuwa kan ƙirjinsa, ya nemi saman takardar da yatsa, wajen da ya san sunansa yake. Ya ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya gitta masa ɗan gajere, siffar ƙaramin takobin nan. Ya ɗaga hannun ya kaɗa shi, yadda ake korar ƙuda daga bakin kofi.

Ashe ya sani. Duk guje-gujen da take yi, yana kwance yana kallonta, ya san abin da take gudu.

Umma tana dubansu, ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Mazari ta koma kujera, wannan karon ta zauna har ciki. Ba ta buƙaci takarda ba, layin yana kanta. Ta faɗe shi a hankali, kalma kalma: har sai an gyara, kada a ba yara ruwan rijiyoyin nan su sha, kada kuma a dafa musu abinci da shi. Yatsan ya kwanta. Malam ya rufe ido, bai ce saura ba.

Washegari ta mayar da jimlar, ta rubuta wa mai dubawa amsa mai ladabi wadda ta goge zagi daga cikinta sau da yawa kafin ta aika. Ta ce gaskiya ne ba su auna jini ba, amma ba sai yaro ya kwanta ake sanin abin da ke cikin guga ba, ga iyakar da masana suka amince da ita, ga abin da suka samu. Kamar yadda ta zata, ya nemi ƙarin awo. Ta ɗauki kula da kwalabe ta koma unguwar da ruwan farko, ta bi taɓo gida gida. Shafin mujalla ya koma kalmarsa ta dā. Ta ci gaba da dubawa a layin mota da bakin aji, don mai hali ba ya fasa halinsa, sai dai duk yamma tana zuwa falon nan ta zauna ta ba Malam labarin rijiyoyi.

Ya rasu ana tsakiyar damina. Saƙon karɓa ya iso bayan ruwa ya ɗauke. Mai dubawa na biyu ya rubuta layi ɗaya tak, cewa ya gamsu. Mazari da kanta ta rubuta wa edita ta sanar da shi rasuwar, ta roƙi a sa alamar. Ta yi kuka a kan wannan saƙon fiye da yadda ta yi ranar rasuwar.

Da maƙalar ta fito, ta buga kwafi biyu. Na farko ta kai ofishin nan. Jami'in bai dubi taswira ba, bai dubi jadawalin da ya ci mata shekaru ba. Ya juya kai tsaye zuwa shafin ƙarshe, ya karanta layin ƙasa, ya ja masa layi da biro, ya ce ta bar masa. Abin da za su yi da shi, Allah masani, amma dai yanzu yana kan teburinsu a buge.

Na biyun ta kai wa Umma. An fitar da gadon daga falo, wurin ya yi fili, sawun ƙafafunsa huɗu suna nan a kan leda. Umma ta goge hannu a zani ta karɓa, ta sa tabarau ɗin Malam, wanda ya yi mata yawa. Turancin bai dame ta ba, sunan take nema, ta kuwa same shi. Ta shafa shi da yatsa, sai ta tsaya.

"Wani ɗan datti ya hau masa a nan," in ji ta.

Ta hura, bai tafi ba. Ta sa farce tana kankarewa a hankali, don kada ta yaga takardar.

Mazari ta riƙe mata hannu. "Ba ya fita, Umma. Bar shi."

Umma ta dube ta ta saman tabarau, ta sake duban sunan. Can ta miƙa mata takardun.

"To karanta mini. In dai ba sauri kike yi ba."

Wayarta tana ta motsi a jaka, ɗalibai suna jira a ɗakin gwaje-gwaje. Ta tura jakar ƙarƙashin kujera da ƙafa, ta zauna, ta fara daga sunansa.